Dogon hutu ya matso: ina zan kai yara su ga teku ba tare da na taɓa kuɗin makaranta ba?

Maman Uku (Kano): Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Shawara nake nema, don Allah kada a yi min dariya. Ni malamar firamare ce, maigidan ma'aikaci ne, yaranmu uku: babban shekararsa 13, mai bi masa 9, autar 5. Tun da aka koya wa na tsakiyan tekuna a aji ya hana mu sakat, wai shi sai ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Bara muka kai su dam ɗin Tiga, yaron nan ya tsaya ya yi shiru, can ya ce, "Umma, ai ga tsallaken can ina gani." Adashina zai fito ƙarshen Yuli, daidai fara dogon hutu. In aka haɗa da abin da Babansu zai ƙara, za mu tashi da kamar miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Mu biyar ne. Ni dai gaskiya zuciyata na Zanzibar, hotunan nan na Instagram sun shiga raina. Akwai wanda ya taɓa zuwa?

Hajiya 'Yar Dubai: Wa alaikumus salam ƙanwata. Na je sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba: kuɗin nan in an yi sa'a tikitin mutum ɗaya zai saya, zuwa da dawowa. Daga Kano sai kin bi ta Addis Ababa, ki sauka ki canza jirgi. Bayan tikiti ga biza, kuma mu masu fasfon Najeriya ba a buga mana a filin jirgi kamar wasu, sai kin nema tun kina gida a tura sunanki a bincika, ki zauna jira. 'Yan Nijar da Chadi ma haka. Sannan tun 1 ga Oktoban 2024 suka ƙaƙaba wa baƙo inshorar dole ta gwamnatinsu, babba dala 44, ko da kina da wata. Ki lissafa ki gani. Ba ki ci ba, ba ki sha ba, ba ki kwana ba.

Maman Uku: Innalillahi. Ashe mafarki nake da ido biyu.

Hajiya 'Yar Dubai: Ba mafarki ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Abin haushin shi ne in kin riga kin sauka, garin ba shi da tsadar da ake zato, muddin ba kin bi turawa otal ɗinsu ba. Garin Musulmi ne, kiran salla ko'ina, abinci ba ki da fargaba. Ki shiga daladala, ƙananan motocinsu na haya, ki ci a kasuwar dare ta Forodhani a Stone Town, ki nemi ɗaki a gidan baƙi na 'yan gari. Daga Yuni zuwa Oktoba ma rani ne a can, ruwansu mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake sauka. Wato hutunmu ya dace da lokacinsu mai kyau, shi ya sa kuma turawa ke cika wurin, komai ya hau.

Abu ɗaya da hoton ba ya gaya miki. Zuwana na farko na kama ɗaki a Paje, ɓangaren gabas. Na idar da sallar asuba, na koma barci, hantsi na fito da zumuɗi, sai na tarar babu tekun. Wallahi ya ja baya can nesa, sai farin yashi jiƙaƙƙe da 'yan kududdufai. Ga mata sun shiga da zannuwansu, sun duƙa kan wasu turaku da suka kafa jere, igiya daga wannan zuwa wancan, suna ɗaura wata ciyawar ruwa da suke nomawa su shanya su sayar. Na zauna ina kallonsu har ruwan ya fara dawowa, kafin la'asar ya shafe turakun kamar ba a taɓa kafa su ba. In kina son ruwan da ba ya gudu sosai sai arewa, Nungwi da Kendwa, su kuma can ne tsadar take.

Baba Mai Ritaya: Malama, ni tambaya ɗaya gare ni. Satumba an koma makaranta, sabon aji, sabbin littattafai, sabon yunifom, yara uku. An ware wannan? Don mun ga waɗanda suka je suka ɗauko hoto, suka dawo suna bin mai makaranta da ban haƙuri. Kuma watan Agusta fa marka ce. Za ki kwashi yara ki kai su bakin ruwa ana tafka ruwa?

Maman Uku: Baba, Allah ya ƙara girma. Na makaranta an ware, yana hannun Babansu, ko ni ban isa in taɓa ba. Maganar marka ce ta tsaya min a rai.

Ɗan Nima (Accra): Baba ka yi haƙuri in ɗan gyara. Markar Agusta ta arewa ce. Mu nan bakin teku damina biyu muke yi. Babbar tana farawa wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni, ta lafa cikin Yuli. Agusta sai gari ya yi luf, ga gajimare, ga iska mai sanyi, amma ruwan sama kaɗan ne. Sai ƙarshen Satumba da Oktoba ƙaramar ta shigo. Kwatano da Lome ma kusan haka ne. Ga mutumin Kano da ya sha zafin Afrilu, Agustan nan hutu ne na gaske, har rigar sanyi mai shara-shara za ku so da dare. Kuma ba lokacin cunkoso ba ne. Disamba ce musiba: tun shekarar 2019 da gwamnati ta yi gangamin kiran baƙaƙen fatar Amurka su dawo su ga gida, duk Disamba Accra cika take, ɗakin da aka saba kamawa da araha sai ya ninka.

Anti ku zo Ghana. Ba biza, ECOWAS ce, kwana 90 kuna da shi. A Nima da Mamobi da Sabon Zango Hausa za ku yi ta ji, da safe ku ci waakye, shinkafa da wakensu, wanda ma sunan daga wake ya fito. Daga Accra ku shiga mota zuwa Cape Coast, awa uku haka in hanya ta yi kyau. Yaron nan mai son tarihi zai ga gidan bayi na Cape Coast, wanda Obama ya ziyarta a 2009, da na Elmina da turawan Fotugal suka gina tun 1482. Ga gadar igiya ta Kakum a saman bishiyoyi.

Ɗan Agege: Ɗan Nima kana tallata garinku kamar ana ba ka kamasho. Ka faɗa mata boda nawa za ta tsallaka tukuna. Seme tsakanin Najeriya da Benin ɗaya, Hilla Condji tsakanin Benin da Togo biyu, Aflao tsakanin Togo da Ghana uku. Da yara uku, bayan sun kwana a mota daga Kano. Kowace boda a sauko, a buɗe jaka, a nuna takarda. Ga canjin kuɗi iri biyu, sefa da sidi, kowane canji ana yankar ka.

Anti, tekun da yake Accra shi ne dai yake Legas. Ba fasfo, ba canji. In kuna da dangi a Agege ko Idi-Araba kuɗin masauki ya fita daga lissafi, kuma shi ne rabin tafiya.

Ɗan Nima: Tekun ɗaya ne, amma a Legas sai ka biya kafin ka gan shi.

Ɗan Agege: Nan kam ka same ni. Gaskiya ne. Bar Beach da iyayenmu ke kai mu ranar Sallah kyauta babu ita, an cike wurin da yashi an yi Eko Atlantic. Na Lekki irin su Elegushi akwai kuɗin ƙofa, ka shiga a ce kujera da kuɗi, rumfa da kuɗi, wani wurin ma in ka shigo da kularka sai ka biya mata. Landmark kuma aikin titin Legas zuwa Kalaba ya ci bakin ruwansu a 2024. Ga kiɗa da shaye-shaye ranar Asabar da Lahadi, ba wurin da zan kai matata da hijabi ba ne a waɗannan ranakun. Amma akwai dabara: a je ranar Talata ko Laraba da safe, wurin kamar naku ne. Tarkwa Bay kuma sai da kwale-kwale mai inji daga wajen CMS, 'yan mintuna ne, kuma saboda katangar duwatsun da aka yi wa mashigin tashar jiragen ruwa, ruwan wurin ya fi na sauran kwanciya. Yara sun hau jirgin ruwa, sun ga manyan jiragen kaya na wucewa kusa da su, an jefi tsuntsu biyu.

Wanda na fi so dai Badagry. Akwai bene na 1845 da ake ce wa benen farko a Najeriya, akwai gidajen tarihin bayi da sarƙoƙinsu. Sai a tsallaka da kwale-kwale zuwa Gberefu, a taka a ƙasa cikin yashi har bakin teku, hanyar da aka bi da bayi. Ga bishiyoyin kwakwa iya ganinka.

Kawu na Sakkwato: Ku duka kun ƙi faɗin wurin da ya fi. Malama, in kin kai Badagry, mi ya rage ki shiga Benin? Seme na nan gaba kaɗan, daga Seme zuwa Kwatano bai kai tafiyar Sakkwato zuwa Tambuwal ba. Boda guda ce tak. Ni shekara da shekaru ina zuwa sayen mota, ban taɓa sanin akwai abin kallo ba, daga tashar ruwa sai Zango, daga Zango sai gida. Shekaran bara na ce bari in tafi da uwargida da yara biyu.

Munka sauka Zangon Kwatano wurin maigidana na da, kwana biyu, ko sisi bai karɓa ba, sai kilishi da munka kai mai. Daga nan munka ɗau mota zuwa Ouidah, kilomita 40 haka, munka ga ƙofar nan da anka gina a bakin teku don tunawa da bayin da anka fitar. Akwai ɗakin tsafin mesa a garin, yara sunka nace, uwargida ta ce ko da kuɗi anka haɗa ta ba ta shiga. Sannan munka wuce Grand-Popo, dab da iyakar Togo. Can ne maganar take. Gari ne siriri, teku a gabanka, kogin Mono a bayanka. Munka samu ɗaki biyu da 'yar rumfar girki a bayan gari, ba cikin jerin otal ɗin turawa ba, uwargida ta taho da risho da shinkafa da yaji da daddawa.

Da sassafe sai munka ji waƙa. Na fita na tarar da mutane sun fi talatin, maza da mata, sun kama wata igiya mai kauri suna ja daga cikin teku, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa, a ja taku biyu a tsaya. Wanda ya kai ƙarshe ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Kusan awa biyu ana abu guda. Yarana sunka ruga sunka kama su ma, ba wanda ya hana su. Da tarun ya fito, kifi na tsalle kan yashi, mata sun kewaye da kwanoni ana ciniki, wani tsoho ya ɗebo 'yan ƙanana cikin hannu biyu ya zuba ma ƙaramin cikin hularshi, ladan ja. Yaron nan har yau in anka yi baƙi sai ya ba da labarin kifin da ya kamo a teku. Munka soya su da yaji. Ban biya kowa kuɗin ƙofa ba.

Maman Uku: Kawu ka sa har na ji ƙamshin kifin. To Faransanci fa? Ni ko "ina kwana" ban iya ba.

Kawu na Sakkwato: Ni ma ban iya ba, kuma ban ɓata ba. Kwatano akwai Hausawa da Zabarmawa da Yarbawa ko'ina, kasuwar Dantokpa ma da Hausa na yi cinikina wurin mutanenmu. Grand-Popo ne sai da nuni da hannu da kalkuleta. 'Yan acaɓansu zemijan suke ce musu, masu rawayar riga, a yi ciniki kafin a hau. Amma da yara ku ɗau mota.

'Yar Maraɗi: Mu nan Kwatano ita ce tekunmu tun fil azal, duk ɗan lakol ɗin da ubansa ke da hali can ake kai shi lokacin bakans, wato dogon hutu. A da, kar ɗaya, wato babbar bas, za ka shiga daga Yamai ka bi Doso, Gaya, ka tsallaka gada zuwa Malanville, Kandi, Parakou, har ka sauka. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe gadar abin ya lalace. Zuwana na ƙarshe sai da muka sauka muka shiga kwale-kwale da kayanmu, muka nemi wata mota a tsallake. Ba zan sake yi da yara ba. Kuma ku da za ku taho daga Najeriya kada wani ya ce muku ku yanke ta arewacin Benin don ya fi kusa, wajen dajin W ba lafiya. Ku bi ta Legas ɗinku.

Abin da nake so in ce game da kuɗi: sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira ce ke rawa. To kada ki yi lissafi da abin da Kawu ya kashe shekaran bara. Ki tambayi farashi da sefa, jikka (sefa dubu ɗaya) nawa ne ɗaki, sannan ki je Wapa wurin 'yan canji ki ji nawa ake sayar da jikka yau.

Sista (Zariya): Na karanta duka, kowa na maganar kuɗi, ba wanda ya tambayi abu mafi girma. Maman Uku, a cikin yaran wa ya iya iyo?

Maman Uku: Babu ko ɗaya Sista. Har Baban nasu.

Sista: To ki saurare ni da kyau. Tekun da ke Legas da Kwatano da Accra ba irin na hoton Zanzibar ba ne. Ba shi da wannan kwanciyar, kuma daga Yuli zuwa Satumba ya fi hauka, ruwan ma sanyi gare shi. Igiyar in ta bugo gaɓa, wajen komawa takan tattaru ta yi wata 'yar hanya mai ƙarfi ta nufi ciki. Abin tsoron, daidai wurin nan ne ido zai ga kamar ya fi lafawa, babu kumfa sosai, sai baƙo ya ce bari in shiga ta nan. Ko gwanin iyo in ya ce zai yi kokawa da ita ya dawo kai tsaye gajiya zai yi. Masu sani cewa suke a yi iyo a kaikaice, a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinta. Wanda bai iya ba kuwa ba shi da wannan zaɓin. Dokata ga yara: ruwa kada ya wuce idon sawu, hannun autar na cikin na babba, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. A kwale-kwale kuma kowa da rigar kariya, in mai jirgin ya ce babu ta yara, a fasa.

Ɗan Agege: Sista ta faɗi gaskiya. Na gani da idona, wani saurayi da ya zo daga arewa, ruwa iya gwiwa yake tsaye yana dariya abokinsa na ɗaukar sa a waya. Igiya ɗaya ta kwashe yashin ƙarƙashin ƙafarsa ya zauna, ta biyu ta ja shi. Masunta ne suka ciro shi, Allah ya sa da sauran kwana. Tun ranar in na ga masunta sun ja jiragensu sun ɗaure ba sa shiga, ni ma ko ƙafa ba na sa wa.

Kawu na Sakkwato: Shi ya sa na ce Grand-Popo. Teku a kalla, a taɓa, a gudu. Yawon ruwa kuma a yi shi ta kogi, a kwale-kwale har inda Mono ke haɗuwa da teku, Bouche du Roy suke ce ma wurin. Ruwan kwance kamar tabarma.

Sista: Kawu yawo a kai na yarda, wanka a ciki ban yarda ba. Ruwan daɗi da ke kwance, kogi ko tafki, nan ake ɗaukar tsargiya. Ruwan gishiri ba ya ba da ita. Sai gidan sauro, ku tafi da naku, kudu sauro ba ya hutu. Sannan katin allurar shawara: za a tambaya a boda. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, don haka ba ranar tafiya ake yi ba. Amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, duk wanda ya ce miki taku ta tsufa a sake, ki san abin da yake nema.

Ɗan Garwa (Kamaru): Salamu alaikum, na makara. Ba wanda ya ambaci Kribi? Kilomita kaɗan kudu da gari akwai Lobé, inda kogi ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku, ba kasafai ake ganin irinsa ba. Mu daga arewa jirgin ƙasa muke shiga a Ngaundere mu kwana ciki, gari ya waye muna Yawunde, mu huta a unguwar Briketeri wurin 'yan uwa, sai mota zuwa Kribi. Ana gasa kifi da jatan lande a bakin ruwa, ka zaɓa da hannunka. Amma gaskiya ga mutumin Kano hanyar ta yi tsawo, kuma mu ruwan samanmu ba wasa, gara Disamba zuwa Fabrairu. Limbe kuma mai baƙin yashi tana yankin da ake rikici tun 2016, ba zan tura baƙo da iyali ba.

Baba Mai Ritaya: Jatan lande da ƙaguwa, wannan ma ci ake yi?

Malam Ƙarami: Baba a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, sai dai in rai bai so ba. Tunda an taɓo nan, Malama: kuna da ƙasaru a hanya, amma duk garin da kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku to ku cika salla. Maganar tsiraici kuma gaskiya ce, wasu wuraren ba na kai yara ba ne. Shawarar Ɗan Agege ta zuwa tsakiyar mako da safe ta yi, ƙauyen masunta kuma ya fi bakin otal.

Hajiya 'Yar Dubai: Malam ai shi ya sa nake cewa in Allah ya hore, ƙasashen Musulmi sun fi daɗin zuwa da iyali. Maldives ma da ake ganin ta masu kuɗi ce, tun 2009 suka yarda 'yan ƙasa su buɗe gidajen baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, irin su Maafushi, biza kuma a filin jirgi ake ba ka kyauta. Jirgin ne dai. Kullum jirgin ne.

Ɗan Nima: Hajiya muna maganar motar dare kina maganar Maldives.

Hajiya 'Yar Dubai: Yaro, buri ba ya cin kuɗi.

Baba Mai Ritaya: To ni bari in dawo da ku ƙasa. Kuna ta cewa ba biza ba biza. Fasfo fa? Tun Satumbar 2025 mai shafi 32 ya koma naira dubu 100. Malama ku nawa ke da shi?

Maman Uku: Babansu kawai. Nawa ya mutu tun bayan Umarar da na raka Hajiyarmu.

Baba Mai Ritaya: Huɗu kenan, dubu 400. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi ba a bar Kano ba. Ga motar Legas mutum biyar zuwa da dawowa, kilomita wajen 1,000 kowace tafiya, kuma kun san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Kawu na Sakkwato: Baba akwai takardar tafiya ta ECOWAS, 'yan shige da fice ke ba da ita, ba ta kai fasfo tsada ba, kuma cikin ƙasashen ƙungiyar an san ta. Da ita yarana sunka shiga. A nema da wuri dai, kada a bari sai an yi hutu. A riƙe takardar haihuwar yara ma. Boda kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai 'yan "kawo na shayi". Wata tafiya wani ya riƙe takarduna yana juyawa yana cewa sabon fasfo sai an wanke shi. Na nemi benci na zauna na fiddo goro, na ce ba ni sauri. Da ya ga layi na taruwa ya miƙo man abina. Da yara ba ka iya wannan zaman, shi ya sa a tsallaka da safe, a riƙe canji ƙanana daban, manyan kuɗi na jikin uwargida.

Ɗan Agege: Wata dabarar rage gajiya: ku sauka Ibadan maimakon ku shiga Legas da motar. Ku kwana, da safe ku hau jirgin ƙasa a Moniya, yana tsayawa a Agege. Yaran sun huta, sun hau jirgin ƙasa, kun tsallake cunkoson shiga gari.

Maman Uku: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Babansu tun daga sama. Zanzibar dai mun ajiye ta, Hajiya ki ci gaba da turo mana hotuna muna haɗiyar yawu. Ghana ya ce boda uku ta yi masa yawa, Ɗan Nima ka yi haƙuri. Akwai gwaggonsa a Agege, ya kira ta yanzu, ta ce ɗaki na nan, har tana faɗan me ya sa sai yanzu. Abin da muka tsayar: Legas kwana huɗu, Tarkwa Bay ranar Talata, Badagry ranar Laraba. Benin kuma ya ce in takardun ECOWAS ɗin sun fito kafin hutu, kuma lissafin sefa bai wuce abin da ya rage ba, za mu yi kwana uku a Grand-Popo ɗin da Kawu ya faɗa. In ba su fito ba, Badagry ta ishe mu. Ni ina so a tsallaka, shi yana jan ƙafa, muna nan muna ja.

Baba Mai Ritaya: Ina bayan maigida.

Kawu na Sakkwato: Ni ina bayan Malama. In kun tashi ki yi man magana ta gefe in haɗa ku da maigidana na Zango. Kilishi dai kada a manta, na Kano yake so, wai namu yaji ya yi mai yawa.

Sista: Litinin ɗin nan a je a yi allurar, kada a jira takardu. Kuma a sayo wa autar takalmin roba mai maɗauri, silifas igiyar farko za ta tafi da shi.

Maman Uku: To Sista. Na tsakiyan yana nan a kaina yana leƙen wayar, wai a tambayar masa Kawu: ruwan da gaske gishiri ne, ko a littafi ne kawai?

Kawu na Sakkwato: Ki ce mai nawa da ya ɗanɗana tofarwa ya yi, ya juyo yana tambayar uwarshi wa ya zuba. Ku riƙe jarkar ruwan daɗi ta wanke ido.